Zare: Naman da ya tsiro min a yatsa, da yadda na kusa sa a yanke shi

1/
Jiya na ga hoton wani bawan Allah a nan, ya cusa yatsansa cikin lemun tsami yana tambayar wa ya san maganin karkare. Na leƙa amsoshin da ake ba shi. Wani ya ce man birki. Wani ya ce ruwan batir. Wani ya ce ko hanyar asibiti kar ya bi. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don duk na bi ta nan. Zare ne mai tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/
Ni ɗan Birnin Gwari ne. Sana'ata ɗinki, in damina ta faɗi kuma ina taya Baba aikin gona kamar kowa a garinmu. Tun yanzu in faɗa, ni ba likita ba ne. Abin da ya same ni zan ba ku, da abin da likitan da ya yi min aiki ya zaunar da ni ya koya min.

3/
Oktoban 2021 ne. 'Yan yankinmu ba sai na tuna musu ba. A ƙarshen Satumba gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wajenmu saboda matsalar tsaro, aka hana hawa babur. Kafin nan ma an dakatar da kasuwannin mako. Waya ta koma tocila da rediyo kawai.

4/
Gonarmu tana can ta bakin daji. Wanda bai san wajenmu ba, dajin nan ba ƙaramin abu ba ne: gandun Kamuku yana cikin ƙasarmu, ya haɗe da dazukan Zamfara da Neja da Katsina. A shekarun nan in ka je gona, hannunka na aiki, idonka da kunnenka na kan bakin daji.

5/
To ranar muna karyar masara, cikin sauri, so muke mu kwashe mu bar wurin kafin la'asar. Na kai hannu zan janye buhu daga jikin shinge, ƙaya ta soke ni a yatsan manuni na hannun dama, daidai gefen gaɓar farko. Na fizge, na tsotse jinin, na tofar, na ci gaba da aiki. Wa ke tsayawa duba ƙaya a wannan yanayin?

6/
Kwana biyu ya ɗan yi zafi ya lafa. Na koma kan kekena. Bayan kamar mako biyu sai na ga wani ɗan jan abu ya leƙo a wurin, bai fi ƙwayar dawa ba. Ja wur, yana ƙyalli, kamar ɗanyen nama. Na ce ƙurji ne, zai bushe.

7/
Bai bushe ba. Cikin kwana goma ya kai ƙwayar gyaɗa. Abin da ya fi tayar min da hankali jini ne. Yadi ya ɗan goge shi, jini. Na zo alwala, jini. Akwai ranar da na ɓata wa wani mutum farar shadda, na biya kuɗin yadi biyu daga aljihuna. Tela da yatsan da yake tura ɗinki da shi, ku auna.

8/
Inna ta kama hannun ta juya, ta ce, "Karkare ne. Allah ya sa ba mai cin ƙashi ba ne." Aka aiki ƙanena ya sayo lemun tsami, aka huda, aka barbaɗa kanwa a ciki, na zura yatsa. Jama'a, tsami da kanwa a kan ɗanyen nama. Na ga taurari da rana tsaka.

9/
Kwana biyar ina yawo da lemu a yatsa. Da aka cire, fatar gefen ta yi fari ta jiƙe, shi kuwa gogan yana nan, har ya ƙara cika. Mai kemis ya ba ni kafso ya ce in sha biyu, in fasa ɗaya in zazzage a kai. Na yi. Shiru kake ji.

10/
Sai Kawu ya zo gaishe da Baba. Ya sa aka kunce ƙyallen, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, wannan ba karkare ba ne. Karkare ba ya fitar da nama. Wannan daji ne. Kuma kun san daji ba ya son ƙarfe. Ranar da allura ta taɓa yaron nan, an gama."

11/
Tsakar gidan ta yi tsit. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa a daren ban runtsa ba. Shekarata 24. Muna fama da dajin da ya hana mu noma, yanzu kuma an ce ga wani dajin a hannuna. Babu waya balle in ɗauki hoto in tura wa abokina da ke karatun aikin jinya a Zariya.

12/
Kawu ya kawo hujja ma. Ya ce mu tuna da wani mahauci a unguwarsu, yatsa ya kumbura, ya je asibiti, ya dawo babu yatsan. Kowa ya ce ƙwarai an yi haka. Ku riƙe labarin mahaucin nan, zan dawo kansa.

13/
Daga nan aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ni kuma na ƙara da tawa dabarar ta teloli: na samu zare mai ƙarfi na ɗaure gindin abin tamau, wai ya mutu ya faɗi. Ya yi baƙi-baƙi, na fara murna. Dare na uku zaren ya yanka shi, na farka na ga jini ya jiƙa matashi.

14/
Saman ya guntule, amma cikin mako guda ya dawo, ya fi na da girma. A nan ne abokaina na majalisa suka kawo shawarar man birki. "Yana ƙona shi har saiwa." Na san wauta ce. Amma wanda ya yi wata guda ba ya aiki, ga bashi, ga masu kaya suna sintiri, komai aka ce masa zai gwada.

15/
Sau biyu na ɗiga. A kwana na biyu yatsan gaba ɗaya ya kumbura, ya ɗauki zafi. Zogi kamar ana buga ganga a ciki, in na sauke hannun ƙasa kamar zai fashe. Kwana nake da hannu a sama, jingine da bango. Kaluluwa ta fito min a hammata, zazzaɓi ya rufe ni.

16/
Baba ya ce a kira wanzaminmu ya tsaga. Tsoho ne, shi ya yi mana kaciya duk gidan. Ya zo da zabirarsa, ya duba, ko aska bai ciro ba. Ya ce, "Alhaji, shekara arba'in ina wannan sana'a. Abin da ke zubar da jini haka ba na sa masa aska. Ku kai shi asibiti yau, ba gobe ba."

17/
Baba ya ce, "To maganar ƙarfe fa?" Tsohon ya ce, "Ita askar tawa da itace aka yi ta?" Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Maganarsa ce ta sa Baba ya saka hularsa ya ce in tashi mu tafi. Da ƙafa muka je, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Wata guda ina wahala, asibiti na nan kusa da ni.

18/
Likitan matashi ne. Ya kunce, warin man birki ya bugi hancinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, mota ce kai?" Duk da azabar da nake ciki sai da na yi dariya. Ya tambayi yadda ya fara, kwana nawa, me da me na sa. Ya ce in faɗi gaskiya duka, ba duka zai yi ba.

19/
Ya lanƙwasa yatsan, ya miƙar, ya danna tafin hannuna tun daga gindin yatsa. Ya sa aka gwada sugana. Sannan ya ce, "Abu biyu ne a hannunka. Na farko Allah ne ya kawo, ƙarami ne. Na biyu kai ka saya da kuɗinka, shi ne ya kusa cin yatsan."

20/
Na farkon, in ji shi, tsiro ne na ƙananan jijiyoyin jini. A asibiti suna ce masa pyogenic granuloma. In fata ta ji ɗan rauni, ƙaya ko sartse ko tsinin allura, jiki kan tura sababbin jijiyoyin jini don gyara. Wani lokaci sai aikin ya zarce, su cunkushe su fito waje kamar nama. Shi ya sa da an taɓa sai jini.

21/
Ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri a jiki, ba a ɗaukarsa daga wani. An fi ganinsa a yatsu da leɓe da fuska da dasashi, kuma yana yawan fito wa yara da mata masu ciki. In ka guntule samansa ka bar gindin, dawowa yake. Abin da zarena ya yi ke nan.

22/
Na biyun kuwa ƙwayoyin cuta ne suka samu ƙofa. Kanwa da tsami da man birki sun ƙone fatar da ke kare wurin, datti ya shiga, mugunya ta taru. Ya ce da na ƙara kwana uku ko huɗu, da ta iya bin jijiyar da ke lanƙwasa yatsa ta gangara tafin hannu, ko ta kama ƙashi.

23/
Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, an ce mana daji ne. An ce kuma ba ya son allura." Likitan bai yi masa dariya ba. Ya ce, "Baba, ban ga alamar daji ba, amma ido ba ya yanke wannan hukunci. In na cire zan sa a kwalba a kai gwaji. Allura kuwa ba ta taɓa mayar da ciwo daji ba."

24/
Sai Baba ya kawo labarin mahauci. Likitan ya ce bai san mutumin ba, amma ya san irin labarin. Mutum zai yi sati uku yana fama a gida, sai yatsa ya mutu ya yi baƙi sannan a kawo shi. A lokacin babu abin da ya rage sai yankewa. Gari kuma ya ɗauka: ya je asibiti an yanke masa yatsa.

25/
Wannan maganar ta zauna min. Muna zuwa a makare, a yanke, labarin yankewar ya tsorata na baya, shi ma ya ƙi zuwa sai ya makara. Haka abin ke ta zagayawa. Daga baya na bincika, ashe mahaucin nan yana da ciwon suga bai sani ba, kuma ya fi wata yana jiƙa hannun a gida.

26/
Aikin kansa: allura biyu a gindin yatsa, nan ne kawai na ji zafi. Bayan minti kaɗan yatsan ya zama kamar ba nawa ba. Ya buɗe inda mugunya ta taru ya wanke, ya yanke tsiron tun daga gindi, ya kankare, ya tsayar da jinin. Ina kallon silin ina salati.

27/
Can sai ya ce, "Kalli baƙonka." A bakin ɗan hantsakinsa ga tsinin ƙaya, baƙi, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Sati shida yana zaune a cikin namana. Baba ya karɓa a kan auduga ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba.

28/
Aka yi min allurar tetanus, tunda ƙaya ce daga gona kuma ban tuna ranar da aka yi min ta ƙarshe ba. Aka rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce in shanye duka ko na ji sauƙi. Aka rataye min hannun a wuya, ana wanke ciwon duk bayan kwana biyu. A daren nan na yi barcin da na manta irinsa.

29/
Saura kwalba. Gwajin nama irin wannan sai manyan asibitoci, Kaduna ko Zariya. Tsakaninmu da Kaduna kilomita ɗari da 'yan kai ne, ta Udawa da Buruku, amma a lokacin tafiyar sai an taru an jira rakiyar jami'an tsaro. Wasu kan zagaya ta Funtuwa, ita ma ba lafiya ce da ita ba.

30/
Na ce a bar gwajin nan kawai. Yayana ya ce a'a, dama yana da kayan da zai sayo, shi zai kai. Inna ba ta ci abinci ba ranar. Babu waya balle ya ce ya sauka lafiya. Kwana uku muna zaman jigum, sai ga shi ya dawo da rasit. Na ji kunya wallahi: saboda ɗan naman yatsana mutum ya bi wannan hanyar.

31/
A ƙarshen Nuwamba aka dawo da sabis. Garin ya kaure, kowa na kiran 'yan'uwa. Bayan 'yan kwanaki hoton takardar ya shigo ta WhatsApp, na ruga na kai wa likita. Ya karanta ya ce, "Abin da na faɗa ne. Ba daji ba ne." Inna ta yi sadakar ƙosai. Kawu ya ce ai jiƙonsa ne ya kashe dajin kafin a yanka 😅

32/
Yanzu ga abin da ya sa na buɗe zaren nan. Mu komai ya fito a yatsa sunansa karkare, maganinsa kuma ɗaya. Alhali abubuwa ne daban-daban. Wani tsagawa yake so, wani kuma in aka tsaga shi an ɓata. Duk zuwana wankin ciwo sai na yi wa likitan nan tambaya. Ga abin da na tsinta:

33/
Karkare na gefen farce. Fatar da ke zagaye da farce ta yi ja, ta kumbura, ta yi zafi. Masu cin farce da haƙori, masu cire ɗan fatar gefen nan, masu yankan farce a kasuwa da aska ɗaya, da masu wuni hannu a ruwa, ku ne abokansa.

34/
In da wuri ne, kafin mugunya ta taru, jiƙa yatsa a ruwan ɗumi mai tsabta da ɗan gishiri, minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, yakan wadatar. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. In kwana biyu babu sauƙi, ko ka ga ya yi fari ya nuna, sai asibiti a buɗe shi.

35/
Karkare na kan yatsa, wanda ke hana barci. Naman kan yatsa a ciki ɗaki-ɗaki yake kamar saƙar zuma, babu wurin da kumburi zai buɗa. In mugunya ta taru sai ta matse jijiyoyin jini, shi ne zogin nan kamar bugun zuciya. In aka bar shi, naman ya mutu, ƙashi ya kamu.

36/
Wannan shi ne "mai cin ƙashi" da iyayenmu ke faɗa, kuma gaskiyarsu ne, yana ci. Inda aka kuskure shi ne maganin. Lemu ba ya shiga inda mugunyar take. A buɗe a fitar da ita da kayan aiki masu tsabta, a ba da maganin da ya dace, shi ne kawai.

37/
Akwai mai ƙananan ƙuraje masu ruwa, a cure wuri ɗaya, da raɗaɗi kamar ƙuna. Wannan ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe bayan zazzaɓi ce ke kawo shi. Yara masu tsotsar yatsa suna samu. Shi BA a tsaga shi. Yakan warke da kansa cikin sati biyu zuwa uku. A rufe shi, kar a taɓa ido da shi.

38/
Akwai wanda ake ɗauka daga tumaki da awaki masu ƙuraje da ɓawo a baki. Makiyaya, mahauta, da duk wanda ya yi fiɗa da Babbar Sallah, a kula. Ƙullutu ne guda, tsakiyarsa ja da farin zobe. Shi ma ba ya son aska, yakan tafi da kansa cikin kamar sati shida in an tsabtace an rufe.

39/
Akwai tusar jaki: tauri gare ta, samanta kaushi, wani lokaci da ɗige-ɗigen baƙi, a hankali take girma cikin watanni. Ba ta cika zafi ba sai an matsa ko tana gefen farce. Akwai maganin shafawa da ake ba da wa, akwai ƙonawa a asibiti. Yanke ta da reza yaɗa ta yake yi.

40/
Sai irin nawa: ja, laushi, saurin girma cikin kwanaki, jini da an taɓa. In yana zubar jini, danna da tsabtataccen ƙyalle minti goma ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, ka ɗaga hannun sama. Kar ka ɗaure da zare, kar ka ƙona. A cire shi daga gindi, a kai gwaji.

41/
Me ya sa gwaji, tunda ba daji ba ne? Saboda akwai dajin fata na gaske da kan yi kama da shi. Mu baƙaƙen fata, in zai zo ya fi zuwa a tafin ƙafa, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ko gyambon da ya ƙi warkewa wata da watanni, ba abin wasa ba ne.

42/
Kun san Bob Marley. A 1977 aka ga wani abu a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, da farko aka ɗauka raunin ƙwallo ne. Dajin fata ne. Aka ba shi shawarar cire yatsan bai yarda ba. Ya rasu a Mayun 1981 yana da shekara 36. To ko da Kawu ya yi gaskiya daji ne, asibitin dai shi ne amsar, da wuri kuma.

43/
Alamomin da in ka gansu ba a kwana, ko da wane iri ne:
– yatsa ya kumbura gaba ɗaya tun daga gindi
– ya lanƙwashe, in an miƙar da shi kamar ranka zai fita
– zafin ya gangaro tafin hannu
– jan layi ya hau hannu, ko kaluluwa a hammata
– zazzaɓi
– yatsan ya fara baƙi ko ya daina ji

44/
In kana da ciwon suga, ko Mama ko Baba suna da shi, ko ɗan ƙurji ne a hannu kar a jira. A jikin mai suga ƙaramin rauni na iya cin hannu gaba ɗaya cikin kwanaki. Kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai irin wannan ta faru. Gwajin ɗigon jini ɗaya ne.

45/
Ƙananan abubuwa masu amfani: yatsa ya fara kumburi, cire zobe tun yana fita. Ƙaya ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa, ka duba ko tsinin ya karye a ciki. Riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, yana rage zogi. Kafso biyu daga kemis ba magani ba ne, koya wa ƙwayar cutar jure magani kawai kake yi.

46/
Man birki, ruwan batir, fetur, kanwa, toka, kashin shanu: don Allah a bari. Ruwan batir asid ne, nama yake ci, bai san mai lafiya da marar lafiya ba. Wanda ya ce maka shi ya sa ya warke, jikinsa ne ya yi ƙoƙari duk da abin da ya zuba masa.

47/
Ba na zagin iyayenmu. Inna da ta sa min lemu so ne ya sa ta, abin da ta gada ke nan. Kuma akwai waɗanda uzurinsu na gaske ne. Ranar wankin ciwona na biyu na haɗu da wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta wajen Randagi, goye da jariri, hannunta a naɗe.

48/
Karkare ne na gaske ya kama ta. Ta so zuwa tun satin farko, amma babu babur, babu waya, hanya kuma ba ta biyuwa. Sai da ta samu motar hatsi. Gaɓa ɗaya aka cire mata a babban yatsa. Tana ce wa nas, "Da me zan riƙe taɓarya?" Ni da ke da asibiti a bayan gida na sunkuyar da kai.

49/
In ana lissafin abin da rashin tsaro ya ci mana, ana ƙirga waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace da shanun da aka kora. Ba a ƙirga yatsun da aka yanke, da masu naƙudar da ba su iso ba. Mutanen Dogon Dawa, Kuyello, Damari, Kakangi, kowa na da irin wannan labarin a gidansu.

50/
Tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo bin hanya, abubuwa sun yi sauƙi a kan da. Allah ya ɗorar. Amma kai da kake Kano ko Kaduna ko Katsina, ga data ga asibiti ga adaidaita a ƙofar gida, kana tambayar tamlan maganin karkare, mene ne naka uzurin?

51/
Yatsana yana nan. Akwai tabo fari a gefe, inda man birki ya ci, kuma gaɓar ba ta lanƙwashewa har ƙarshe, da sanyin hunturu tana ɗan tauri. Wurin da likita ya yanka kuwa sai na nuna maka za ka gani. Wata biyu da rabi ban hau keke ba. Aikin da ya raba ni da ciwon bai kai awa ɗaya ba.

52/
Ɗan'uwa mai hoton jiya, in zaren nan ya iso gare ka: cire lemun nan, wanke hannun da sabulu, ka tafi a duba maka yau. In kuɗin mota ne matsala yi min magana ta DM. Sauran jama'a, a tura wa wanda ke buƙata, a karanta wa su Inna a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar mana da garuruwanmu.